Teburin Baba mai shayi a Fagge: shekara shida ina zama a bencinsa

Ni tela ne. Shagona yana Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah ba mu da dare ba mu da rana. Shekara shida ke nan ina shan shayi a teburi guda, na wani dattijo mutumin Maraɗi da kowa a layinmu yake kira Baba mai shayi. Abokan aikina sun sha tambayata me ya sa nake wuce teburi uku kafin in isa nasa, alhali ruwan zafi duk ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne, kuma zan faɗi dalili, har da abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wurinsa.

Baba yana fitowa bayan la'asar. Kafin magariba ya gama jera gwangwanayen madara da Milo da Bournvita, burodi a gefe cikin leda, ƙwai a kiret, babbar tukunya tana tafasa a kan kurfoti. Benci uku ne, kuma da wuya ka tarar da gurbi bayan isha'i. Abin da ya fara jan hankalina shi ne wankin kofi. Bokiti biyu yake ajiyewa, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, sannan ya watsa wa kofin ruwan zafi daga buta kafin ya zuba maka. Na ga wuraren da ruwan wanki ɗaya yake kwana tun daga yamma har ya koma launin shayin kansa, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ruwan bununsa yana da kyau ƙwarai. Citta tana fitowa sosai amma ba ta ƙona maƙogwaro, kanumfari kaɗan ne, kimba kuwa sai ka nutsu za ka ji ta a ƙarshen kurɓa. Haɗin kaurinsa kuma sunansa ya bi shi, cokali yana iya tsayawa a ciki. Amma abin da ya fi suna da shi shi ne ataya irin ta mutanen Nijar: koren ganyen shayi na ƙasar Sin, ƙaramar buta a kan garwashi, ya dinga sheƙa shi daga sama zuwa finjali har kumfa ta tashi. Sau uku ake sha. Na farko ɗaci ne zalla mai tsinka barci, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi ne da ƙamshin na'a-na'a. Mutum uku ko huɗu sukan haɗa kuɗi su sa ya ɗora musu buta guda, hira ta yi nisa.

Abin da ya sa na riƙe wannan teburin ya faru ne a ɗinkin sallar shekara uku da suka wuce. A lokacin, da an sha ruwa zan fara da shayi mai ƙarfi. Bayan asham in ƙara wani. Ƙarfe sha ɗaya na dare in je wurin Baba in ce ya yi min haɗin kauri ya juye garin gahawa leda biyu a ciki, wani lokaci in zauna a sha ataya, ga goro a aljihu ina ɓantara ina taka keke. Ina ganin dabara nake yi. Sai ya zamana ko na samu na kwanta ƙarfe biyu da rabi, idona biyu har a fara kiran sahur. Zuciyata takan dinga bugawa da sauri ina zaune ban yi aikin ƙarfi ba. Hannuna ya fara rawa, har wata rana na karkatar da aikin wuyan wata shadda mai tsada, dole na biya mai ita. Wannan ya tayar min da hankali fiye da rashin barcin, domin hannun tela shi ne abincinsa.

Bayan sallah na je asibiti. Likitar da ta duba ni ta ce jinina ya ɗan hau, sannan ta sa na lissafa mata duk abin da nake sha a yini, tana rubutawa. A nan na fara jin sunan kafeyin da kyau, wato sinadarin da ke cikin shayi da gahawa da goro mai hana barci. Ta ce kofin baƙin shayi yana ɗauke da kusan miligiram 40 zuwa 50, ƙaramin cokali na garin gahawa kusan 60, goro kuma yana da nasa kaso mai yawa. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka da na Turai suka bayar ga baligi mai lafiya shi ne kada ya wuce miligiram 400 a yini. Ni na wuce haka, kuma duk a cikin 'yan sa'o'i tsakanin magariba da tsakar dare nake ɗura su.

Bayanin da ya fi zama min a rai shi ne na yadda abin yake aiki. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake kawo nauyin ido idan dare ya yi. Kafeyin ba ya cire gajiya. Zuwa yake ya tare gurbin da adenosin zai zauna, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon, gajiyar kuma tana nan tana jira. Sannan ba ya fita da wuri. Sai bayan kamar awa biyar rabinsa yake barin jiki. Wato idan na sha miligiram 200 ƙarfe sha ɗaya na dare, ƙarfe huɗu na asuba akwai sauran kusan 100 a jinina. Daga baya na karanta cewa wani bincike da aka yi a Amurka a 2013 ya nuna ko awa shida kafin kwanciya mutum ya sha miligiram 400, barcinsa yana raguwa da fiye da awa guda. Baligi kuwa yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Ni a watan nan ban yi zaton na taɓa haɗa huɗu ba.

Da na koma teburin na zauna ban yi odar da na saba ba. Baba ya dube ni ya ce, "Maigida, lafiya? Yau ba gahawa?" Na ba shi labari. Ya yi shiru yana fifita garwashi, sannan ya ce, "Ai na daɗe ina ganin idonka, kunya ce ta hana ni magana. Gobe ka zo, zan ɗora maka tukunya daban." Na ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka saboda mutum ɗaya." Ya ce, "Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, ka dubi bencin nan."

Washegari na tarar da ƙaramar tukunya a bayan babbar. Citta ce da kanumfari da kirfa da na'a-na'a, babu ganyen shayi ko kaɗan. Idan kana so ya matsa maka lemun tsami, idan kana so ya sa madara. Tun daga ranar tukunyar ba ta sauka ba, kuma yanzu da yawa daga dattawan layin ita suke sha. Sunanta ma ya zama "na baya". Wannan shi ne abin da ban samu a sauran teburan ba: mai shayin da zai rage wa kansa cinikin gahawa, wadda ta fi kawo masa riba, don mai saye ya samu barci. Yanzu idan baƙo ya nemi gahawa da tsakar dare yakan tambaye shi, "Aiki za ka kwana yi ko gida za ka?" Idan direban da zai kama hanya ne ko mai gadi, ya haɗa masa. Idan gida za shi, ya nuna masa ta baya. Ba ya tilasta kowa.

Kada in ɓoye, satin farko na sha wuya. Ciwon kai ya kama ni tun daga washegari, jikina ya mutu, raina yana saurin ɓaci. Likitar ta riga ta gaya min haka za a yi idan aka yanke lokaci guda, kuma yakan wuce cikin kwanaki. A nan na gane ciwon kan da yake damun da yawa daga cikinmu a kwana biyun farko na azumi ba yunwa kaɗai ba ce, har da rashin shayin safe da goron da jiki ya saba da su. Da na sani da rage shi zan yi a hankali. Yanzu ina shan shayina na ganye da safe, wani lokaci in ƙara ɗaya bayan azahar, daga la'asar kuma na rufe. Goro ban bar shi ba, kuma ba na jin zan bari. Kakanninmu har Gwanja suke takawa da jakuna don su kawo shi, yau ma ka je kasuwar Mariri ka ga yadda ake sauke huhu. Sai dai na mayar da shi abin hantsi.

Tukunyar bayan ta yi amfani har a gidana. Da can nakan cika fulas da shayin Baba in kai wa maiɗakina ta sha da tuwon dare. Da ta samu juna biyu aka ce mata a wurin awo jininta ya yi ƙasa, aka kuma gargaɗe ta kan shan shayi tare da abinci, domin ganyen shayi yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga irin su wake da ganye. Mai ciki kuma ma'auninta na kafeyin rabin namu ne, miligiram 200. Tun daga nan na baya nake kai mata.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Hannun Baba yana da nauyi a sukari. Idan ba ka yi magana ba cokali uku zai zuba, ga Milo mai nasa zaƙin, ga madara. Ƙaramin cokali ɗaya kusan giram huɗu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan giram 50 a yini, kuma ya fi kyau a tsaya a 25, wato cokali shida. Kofi biyu na haɗin kauri sun cinye wannan tun kafin a zo ga lemo ko kunu. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba, amsarsa kullum ita ce idan ya rage mutane za su ce ya fara rowa. Na fahimce shi, amma a bencin nan akwai mutum biyu da na san suna da ciwon suga, kuma ya kamata ya dinga tambaya kafin ya zuba, kamar yadda yake tambaya a kan gahawa.

Na biyu shi ne indomi da ƙwai. Tana da daɗi, attaruhu da albasa ba ya yi musu ƙwauro. Sai dai mai yana yawa, kuma bayan garin da ke cikin ledar sai ya ƙara murza dunƙule. Gishirin da aka ce ya ishi mutum a yini bai kai giram biyar ba, ga mai hawan jini irina wannan faranti ɗaya ya isa ya ɓata lissafi. Sannan cin ta ƙarfe sha biyu a tafi a kwanta shi ne yake kawo ƙwannafin da yake tayar da mutum tsakar dare yana neman ruwa. Ni yanzu idan zan ci, kafin tara nake ci, in ce kada ya ƙara dunƙule, in bar awa biyu ko uku kafin kwanciya. Yana yi yadda ka ce ba tare da ɓata fuska ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Hayaƙin gawayi yana damun wanda ya zauna a bencin hagu idan iska ta juyo. Da damina sauro ba ya ɗaga ƙafa. Masu shan taba sukan zauna a ƙarshen benci, ko da yake yana korar su gefe idan akwai dattawa. Abu guda da nake yaba masa a nan shi ne ba ya sayar da lemon ƙara kuzarin nan na gwangwani da samari 'yan adaidaita sahu suke yawan sha, wanda kafeyin ɗin ƙaramin gwangwani ɗaya yakan kai miligiram 80, kuma na taɓa ganin ya karɓe kofinsa daga hannun wani yaro da ya so jefa ƙwaya a ciki, ya ce kada ya sake zuwa masa da wannan.

Hirar wurin ma tana cin barci kamar yadda gahawa take ci. Ka zo da niyyar minti goma, a ɗauko zancen ƙwallo ko na siyasa, kafin ka ankara ƙarfe ɗaya ta yi Baba yana kife kofuna. Wannan ba laifinsa ba ne. Ni dai na sa wa kaina ƙa'ida, in ba lokacin ɗinkin sallah ba, sha ɗaya saura nake tashi.

Farashinsa daidai yake da na sauran masu shayin unguwar, na baya ma ya fi ruwan bunu araha idan ba ka sa madara ba, kuma yana ɗaga wa wanda ya sani ƙafa har ƙarshen sati. Duk wanda aikinsa ya kawo shi Fagge da dare, ina ba shi shawara ya nemi teburin, ya ce a ba shi na baya, sukari cokali ɗaya. Ya kuma lura da mataci, domin har yanzu guda ɗaya Baba yake amfani da shi ga tukunya biyun, wani lokaci da guntun ganyen shayi a ciki. Jiya na sayo masa sabo a kasuwar Sabon Gari, yau da daddare zan kai masa.