Ofishin masu bin takardun fansho da diyya a wajen Zoo Road: sun san aiki, amma benen nan fa!

Jama'a duk wanda yake da dattijo a gida da ya samu nakasa a wajen aiki kuma ritayarsa ta ƙarato, bari in faɗa muku yadda muka kwashe da wani ɗan ofis a wajen Zoo Road, irin waɗanda ake biya su bi wa mutum takardun fansho da na diyya. Ba zan kama suna ba don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan caccake su.

Kawuna ne, ƙanin Ummanmu, shekararsa 57, yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa tun ina firamare, inji ya kama masa hannun dama ya tafi da yatsu uku, sauran biyun ma ba sa lanƙwasuwa. Mu duk a gida lissafinmu shi ne kamfani zai kira shi ya danƙa masa kuɗi a dunƙule ya je ya kama ɗan shago a Singa, tunda haka aka yi wa wani maƙwabcinmu shekarun baya. Mai ofishin, wani dattijo ne mai gilashi a kan karan hanci, ya ce aikin lissafin albashi ya yi kafin ya ajiye aiki, shi ya fara warware mana wannan lissafin. Ya ce "Alhaji wancan tsohon zance ne, dokar ta canza tun 2010." A da kamfani ne ke biyan diyya kai tsaye, yanzu kuwa kamfani zai dinga zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, ba a cire wa ma'aikaci ko sisi, in tsautsayi ya faru su NSITF ɗin ne za su dinga biya wata-wata. In mutum ya nakasa gaba ɗaya kashi 90 na albashinsa ne, in kuma irin na Kawu ne da hannu ɗaya ya taɓu toh kashi 90 na abin da raunin ya rage masa na samu.

Har nan Kawu yana ta gyaɗa kai yana alhamdulillah. Sai mutumin ya jawo wata takarda ya sa biro a ƙarƙashin lamba 55 ya juyo mana da ita. Wai wanda ya ji ciwo bai kai 55 ba ana biyansa har ya kai 55, ko har lokacin da hukumar ta gamsu shi ne lokacin ritayarsa. Wanda kuwa ya riga ya kai 55 ɗin, shekara biyu ne daga ranar da ya ji ciwon, ko zuwa lokacin ritayar da hukumar ta yarda da shi, duk wanda ya fi nisa. Wlh sai da jikina ya yi sanyi, don kun ga yaro ɗan shekara 30 in ya ji irin ciwon nan yana da shekara 25 a gabansa, shi kuma dattijon da ba zai iya koyon sabuwar sana'a ba, ga 'yan mata a gabansa za a aurar, shi ne nasa ya fi gajarta. Ni dai wannan tsarin bai kwanta min ba sam, amma ba laifin ofishin ba ne, kuma a nan na san mutumin ba ɗan cuwa-cuwa ba ne, don da wani ne sai ya ce mana miliyoyi na nan tafe ya karɓi kuɗinsa ya bar mu da jiran gawon shanu.

Abu na biyu da suka yi mana mai kyau shi ne maganar lokaci. Ashe ma'aikaci ko wani nasa zai sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Mu muna can muna zaryar asibiti wa ya san wannan? Kamfanin yana da rajista amma ba su kai rahoton ba, sai da mutumin nan ya rubuta musu wasiƙa mai zafi ya ce mu tabbata an buga mana hatimi a kwafinmu, nan da nan kuwa suka motsa.

Sai ɓangaren fansho, inda nan ne ya fi ƙwarewa a ganina. Ya sa muka karɓo takardar bayanin asusun Kawu ya bi ta layi-layi da rula, a dokar 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8 kamfani kashi 10, sai ga wasu watanni fayau ba a zuba komai ba alhali an cire a albashi. Ya ce tunda Kawu ya haura 50 yana yin ritaya zai iya taɓa kuɗinsa, wanda bai kai 50 ba ma in likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba yana iya taɓawa, amma kar a yi zaton duka za a ba shi, ana bayar da wani kaso a dunƙule ne ragowar kuma ko kamfanin fansho ya dinga biya wata-wata ko a kai wa kamfanin inshora ya biya har ƙarshen rayuwa. Ya kuma ja masa kunne, "Alhaji don Allah kar zuciya ta ɗebe ka ka rubuta takardar ajiye aiki kafin fayil ɗin diyyar nan ya shiga." Kawu ya tambayi inshorar nan ta albashin shekara uku da ya ji ana faɗa a wajen aiki, aka ce masa ai wannan sai in mutum ya rasu yana bakin aiki, ya yi dariya ya ce toh wannan ta magada ce ku ajiye musu.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Ofis ne da rabin masu zuwansa guragu ne da masu shanyewar ɓarin jiki, amma yana hawa na biyu, matattakala siririya ba ko ƙarfen dafawa. Da idona na ga wani bawan Allah a kan kekensa a ƙasan benen, rana na dukansa, sakatariyar ta sauko da fom tana tambayarsa nawa ne albashinka, matanka nawa, a gaban masu shayi da 'yan adaidaita. Haba! Dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 shekara biyar ta ba wa gine-ginen da jama'a ke shiga su gyara, wa'adin ya wuce, kuma su da suke karanta wa mutane doka ya kamata a ce sun fi kowa jin kunyar wannan. Ko tabarma da inuwa a ƙasa ai sa iya.

Kuɗi ma sai a hankali. N5,000 aka ce na buɗe fayil, daga baya sai kuɗin fotokwafi, kuɗin mota, kuɗin data, har wani yaronsu ya ja ni gefe wai in kuɗi ya fito nawa ne nasu a ciki. Na mayar wa mai ofis da maganar ya ce ba da yawunsa ba, amma ban ga ya tsawatar masa ba. Ku sani shigar da buƙata a NSITF ko kai ƙorafi PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho, ba sai da ɗan tsakiya ba, duk suna da ofis a nan Kano, sani da zirga-zirga kawai kake saya a wajen waɗannan. Waya kuma ba sa ɗauka, a WhatsApp za su karanta su yi gum, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya don ba janareta.

Uku da rabi cikin biyar na ba su. Fayil ɗin Kawu ya shiga, muna jiran a kira shi likitoci su auna raunin. In za ku je ku fara duba NIN tukuna, mu a can Muhammadu ne a takardar fansho kuma Mohammed, ranar haihuwa ma ba ta zo ɗaya ba, gyaran wannan kaɗai ya fi komai cin mana lokaci. Ku riƙe rahoton likita da takardar ɗaukar aiki da takardun albashi na watannin baya, kuma duk abin da kuka biya ku ce a ba ku rasit.