Amortisa irin na asali ko masu zare na sauke mota? Amsa ga mai BMW E36

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan 328i taka da ka ce tana gwaf-gwaf a rami, kana tunanin ko ka mayar mata da amortisa (shokozoba, mai shanye jijjigar hanya) irin nata na asali ko ka sa masu zaren nan da ake juyawa mota ta sauka ƙasa, wato koyiloba: sa irin na asali kawai, Sachs ko Bilstein B4, ka bar risor ɗinka (sifirin) in dai bai karye ba ko bai zauna ba.

Ni ma E36 gare ni, mai ƙofa biyu. Lokacin da ta zo hannuna in na taka birki wajen gudun 80 sitiyari rawa yake a hannuna, bayan motar kuma in ka ba ta wuta sai ka ji tana neman zamewa gefe. Makanikina da ke Sabon Gari bai ma fara da amortisa ba, ya ɗaga ta ya sa ƙarfe ya ɓanɓare silanbulok, wato robar da ke bayan triyangil na gaba (hannun ƙarfen da ke riƙe taya), robar ta tsage gida biyu har kana hango haske ta tsakiya, ya ce min Alhaji ga mai rawar nan. Muka canza amortisa huɗu Sachs, triyangil biyu Lemförder waɗanda suke zuwa da rotil ɗinsu (gaɓar da ke juyawa) a jiki, silanbulok na gaba, na babban hannun baya, biyalat (ƴan sandunan ƙarfen da ke hana mota karkata), da kupel (mazaunin amortisa) na sama. Ranar da na karɓo ta na kama hanyar Takieta da yamma, wallahi har rediyo na kashe don in ji ko akwai sauran ƙara, shiru, ta shiga gargada ta fito sau ɗaya take lotsawa ta miƙe ba ta ƙara wani lilo, madam da ke gefe ita ta fara cewa yau kam ba a karya mata baya ba. Har yanzu su ne a ƙarƙashinta.

Ka lura da abin da na lissafa, amortisa kashi ɗaya ne kawai a ciki. 328i daga 1995 aka fara yin ta, kenan robobin da ke ƙasan motarka in ba a taɓa su ba sun sha shekaru masu yawa, ga zafin Damagaram ga rairayi. Masu ƙera amortisa kansu cewa suke a duba su daga kilomita 80,000, to kai duba kanta ka gani nawa ta ci. Mutane da yawa sai su zuba kuɗi a amortisa masu tsada su bar matattun silanbulok, su dawo guruf suna cewa kayan ba su da kyau. Kuma E36 tana da wani ciwo nata da kowa ya sani, kupel na amortisan baya. Buɗe kofur ka ɗaga kafet ɗin gefe za ka gan su, in robar ta mutu aka yi ta tafiya a haka har ƙarfen jikin motar yake tsagawa a wurin, daga nan kuma sai mai walda. Ka duba wannan tun yau, ba ya buƙatar ko makaniki.

Su masu zaren, eh mota tana kyau a hoto in an sauke ta, kuma na kirki masu tsada suna riƙe kwana a kwalta mai santsi, ban musa ba. Amma waɗanda kuɗinmu ke kaiwa, marasa suna da ake odarsu ta intanet, wani abokina ya sa a tasa, kowane dodan (tudun rage gudu) na cikin gari sai ya hau shi a karkace salansa na gurzar ƙasa, damina ɗaya zaren ya cika da rairayi da tsatsa ya ƙi juyawa sam. E36 tun daga kamfani gajera ce, ina kuma ga an ƙara sauke ta ka ce za ka shiga lungunan Birni ko Garin Malam bayan an yi ruwa. In ƙarfi kake so ba saukewa ba, akwai Bilstein B6, ya fi B4 tauri kuma da risor ɗinka na asali yake aiki, tsayin motar yana nan. B8 kuwa na gajerun risor ne, kar wani ya liƙa maka shi.

Yanzu maganar masu saida piyas, ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Ko nan gari ka saya ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, a ko'ina akwai na Allah akwai kuma ɓarayin zaune. Akwai masu ɗaukar mataccen amortisa na kas (inda ake kwance matattun motoci), su huda shi su ɗura masa baƙin mai, su toshe da walda, su fesa baƙin fenti su sa a kwali mai kyau. Sati biyu zai yi maka tauri ka ji daɗi, daga nan ya fara zubar da mai. Kar kwali ya ruɗe ka, kwali ana buga shi. Fito da shi ka shafa jikinsa da yatsa musamman wajen gindi, in ka ji wani ɗan ƙulli ƙarƙashin fenti ajiye musu. Duba sandar mai ƙyalli, sabo ba ya da zane ko ɗigon tsatsa. Danna ta ƙasa ka saki, mai gas da kansa yake tasowa a hankali ba tare da tsalle ko ƙarar kumfa ba, kuma guda biyun su taso kusan tare. Lambar da ke kwali ta zama ita ce a jikin ƙarfen. Wanda ya ce maka okaziyo ne (na hannu) daga Turai ɗan kaɗan aka yi aiki da shi, to daga motar da ta mutu aka kwance shi, shekarunsa ɗaya da naka. Ga triyangil da silanbulok ma kar ka sayi okaziyo, roba tsohuwa ce.

Ka ɗauki kart giriz ɗinka (takardar mota) ka ba mai odar haruffa da lambobi 7 na ƙarshen lambar shasi, da su ake gano kayan BMW, domin wasu E36 sun fito da ƙafar M-Technic wadda ta ɗan fi ƙasa kuma lambar amortisanta daban ce.

In kuɗi bai kai a yi duka lokaci guda ba, fara da gaba: triyangil, silanbulok, amortisa biyu tare, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Sa sabon sufle (rigar da ke kare sandar daga ƙura) da robar da ke tare sandar, a ƙurarmu sufle yagagge shi ke kashe sabon amortisa. Ka tsaya a kan makanikin kar ya ƙarasa ɗaure kusoshin silanbulok mota na rataye a kirik, sai ta sauka ta tsaya kan tayoyinta, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. Risor na gaba kuma da abin matse shi ake cirewa, kar ka bari yaran garaji su ɗaure shi da waya, yana iya raunata mutum. An gama sai ka wuce paralelizim (saitin tayoyi) kai tsaye kafin ta cinye maka taya.