Ricoh GR III: Kyamarar Aljihu Da Ba Ta Tsorata Jama'a A Titi

Duk wanda ya taɓa rataya babbar kyamara a wuya ya shiga kasuwa ya san abin da ke biyo baya: mai tebur ya gyara zama, yara su yanyame shi suna neman a ɗauke su, wata baiwar Allah kuma ta ja mayafi ta ba da baya, sai hoton da aka fito nema, na mutane cikin harkarsu ta yau da kullum, ya ɓace kafin a danna komai. Kamfanin Ricoh na ƙasar Japan ya daɗe yana ƙera kyamarorin da ke kauce wa wannan matsala, tun daga GR1 mai amfani da fim ta 1996, kuma GR III da ta fito a 2019 ita ce na yi yawo da ita a cikin birnin Kano da wasu tafiye-tafiye.

Baƙa ce, ba ta da wani ado, nauyinta giram 257 har da batir da kati, kuma tana shiga aljihun kaftani ba tare da ta ja shi ƙasa ba. Wanda ya hango ta a hannunka zai ɗauka tsohuwar kyamarar biki ce, alhali a cikinta akwai sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, irin ta APS-C mai megafiksil 24, wadda ake samu a manyan kyamarori. Tana kunnuwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma ƙarar da take yi in an danna ba ta kai a ji ta cikin hayaniyar Kasuwar Kurmi ba.

Abin da ya fi ba ta daraja a wajen masu hoton titi shi ne tsarin da kamfanin ya kira Snap Focus. Mutum zai zaɓi tazara tun kafin ya fita, mita 1 ko 1.5 ko 2 ko 2.5 ko 5, sai kyamarar ta ɗauka nan take ba tare da ta tsaya laluben abin da za ta mayar da hankali a kai ba. Da rana tsaka, in aka sa mita 2 aka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, kusan komai daga mita ɗaya zuwa can nesa yakan fito tas. Amfanin wannan ya wuce sauri, domin ba sai ka tsaya kana auna mutum da kyamara har ya tsargu ba. Ka ɗaga, ka danna, ka sauke.

A nan ne kuma nake ganin ya kamata a yi wa mai saye gaskiya. Idon kyamarar ɗaya ne tak, mai faɗi daidai da milimita 28, wato yana ɗauko wuri mai faɗi, kuma ba ya zuƙo abin da ke nesa. Wanda ke son ya laɓe a tsallaken titi ya saci fuskar mutane, wannan ba kayan aikinsa ba ce. Domin hoto ya yi kyau dole ka matso har inda za a ji sallamarka, kuma a ganina wannan alheri ne. A marinar Ƙofar Mata, alal misali, gaisuwa da ɗan zama da tambayar yadda ake haɗa baba da toka sun fi kowace dabarar ɓoyo amfani, domin da zarar marina sun saba da kai za su koma bakin aikinsu, sai ka sami hoton da ba shiri a cikinsa amma da yardar masu shi. Akwai masu ɗauka daga ƙugu suna kallon wani gefe, kuma kyamarar ta dace da hakan sosai, sai dai ban ga dalilin yi wa matan aure, ko yara, ko mabarata, ko mai salla irin wannan ba. Allonta na baya mai inci 3 ya isa ka nuna wa mutum hotonsa, ka goge a gabansa in ya ce bai yarda ba, in kuma ya so ka tura zuwa wayarka ta Wi-Fi ka aika masa. Matafiyi ya kuma tuna cewa shirun kyamara ba izini ba ne: a Faransa da Jamus doka tana kare haƙƙin mutum kan wallafa hotonsa, kuma barikin soja da shingen jami'an tsaro wurare ne da ake mayar da ita aljihu a ko'ina.

Aibobinta ba ɓoyayyu ba ne. Batir ɗaya ba ya wuce hoto 200 bisa ƙiyasin kamfanin, saboda haka sai an riƙe na biyu, ko da yake tana karɓar caji ta USB-C. Ba ta da filashi, ba ta da tagar leƙawa, kuma allon ba ya lanƙwasawa, ga shi yana wuyar gani cikin hasken azahar. Bayan magariba takan yi jinkirin gano abin da aka nufa. Bidiyonta bai cancanci dogon bayani ba.

Babbar damuwar ita ce ƙura. Idon yana shiga yana fita duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, jikin kuma ba a toshe shi daga ƙura ko ruwa ba, sannan tun da idon ba ya cirewa, in ƙura ta kwanta a kan sensa har tsarin kakkaɓewarta ya gaza, sai an kai wa mai gyara ya kwance. Ga wanda zai yi aiki da ita cikin hazon hunturu, shawarata ita ce jaka mai zif maimakon aljihu, tare da adaftar GA-1 da ake ɗaurawa a bakin idon domin ta riƙe gilashin kariya mai milimita 49, duk da cewa hakan yana rage mata ƙanƙantar da aka saye ta dominta.

Ta fara shiga kasuwa a kan kusan dala 900. Wanda yake jin milimita 28 ta matsa masa da yawa yana iya duba ƙanwarta GR IIIx ta 2021, mai milimita 40, wadda ke ba da ɗan sarari tsakaninka da wanda kake ɗauka. Tun da magajiyarta GR IV ta fito a 2025, mafi yawan GR III da za a ci karo da su na hannu ne, kuma kafin a biya kuɗi ya kamata a ɗauki farin bango a f/16 a duba hoton da kyau, domin a nan ne ɗigon ƙurar da ke kan sensa yake bayyana.