Gidan Strokestown a Ailan: abin da na gani a gidan masu gandu da gidan tarihin yunwa

Duk wanda hanya ta kai shi ƙasar Ailan, in dai yana da sha'awar tarihi, shawarata ya ware yini guda ya bar Dublin ya nausa yamma zuwa wani ƙaramin gari mai suna Strokestown a gundumar Roscommon. Tafiyar awa biyu ce a mota, ko ta ɗan ɗara. Tikitin da na yanka ya haɗa abu uku: zagaya babban gidan tare da jagora, shiga gidan tarihin ƙasa na babbar yunwar da ta afka wa Ailan a shekarun 1840, wanda ke cikin harabar, da lambun da aka kewaye da katanga. Kuɗin da na biya ban yi da-na-sanin ko sisi ba, kuma cikin irin waɗannan gidaje da na shiga a ƙasar babu wanda ya tsaya mini a rai kamarsa.

Ailan cike take da manyan gidajen masu gandu na zamanin mulkin Ingila. An ƙona da yawa tsakanin 1919 da 1923, lokacin yaƙin neman 'yanci da yaƙin basasar da ya biyo baya, wasu sun rushe, wasu sun koma otal. Waɗanda ake buɗe wa baƙi, galibi abin da za a nuna maka shi ne fitilu da zane-zane da kujerun alfarma, ka fito ba ka ji ko sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda guminsu ya gina wurin ba. Strokestown ya fita daban ne saboda takardun gidan ba su salwanta ba. Akwai takardu fiye da 50,000: littattafan karɓar haya, wasiƙun wakilin gandu, takardun kora, da koke-koken talakawa. A wuri guda kake ganin teburin da aka ci abinci a kansa da littafin da aka rubuta bashin waɗanda suka biya kuɗin abincin.

Gidan na zuriyar Mahon ne. Kakansu Nicholas Mahon, wani hafsan soja, ya samu ƙasar a tsakiyar ƙarni na 17, bayan yaƙin Cromwell, jagoran sojan Ingila da ya mamaye Ailan, lokacin da aka yi ta ƙwace filaye daga hannun tsofaffin gidajen sarautar Ailan ana raba su. Yankin a da na gidan O'Conor Roe ne. A wajen shekarun 1730 zuwa 1740 jikansa Thomas Mahon ya faɗaɗa ginin ya zama yadda yake a yau: babban gini a tsakiya, da fukafukai biyu dama da hagu, ɗaya madafa ɗaya barga. Ana danganta zanen ga Richard Cassels, Bajamushen nan da ya zana Leinster House, inda majalisar dokokin Ailan take zama yanzu. A 1800, shekarar da aka zartar da dokar haɗe Ailan da Birtaniya, aka ba Maurice Mahon sarautar Baron Hartland. Tun kafin ka kai ƙofar gidan za ka ga alamar ikonsu, domin babban titin garin yana da faɗi fiye da ƙima ga ƙaramin gari irin wannan, kuma a miƙe yake har bakin ƙofar shiga gandun. Masu gidan ne suka tsara garin, ba garin ne ya samu gidan ba.

Zagayen cikin gidan yakan ɗauki kusan awa guda, kuma sai da jagora. Abin da ya fara burge ni shi ne ba a yi wa gidan kwalliyar ƙarya ba. Kayan da ke ciki na 'yan gidan ne, ba sayowa aka yi daga gwanjo aka jera ba. Labule ya koɗe, kafet ya sha takawa, ɗakin karatun yara yana nan da teburansa, kayan wasansu suna nan. Jagoran da ya zagaya da mu ya san aikinsa, bai yi mana karatun haddace ba, kuma duk tambayar da aka yi masa ya tsaya ya amsa ta a natse.

Inda na fi daɗewa shi ne madafa. Tana da baranda a sama, daga ciki, wadda ta ratsa tsawon ɗakin, kuma an ce ita kaɗai ce irinta da ta rage a Ailan. Amfanin barandar shi ne uwargida ta tsaya a sama ta duba aikin masu girki ba tare da ta sauko cikinsu ba. Jagoran ya ce daga nan take jefo takardar jerin abincin da za a dafa. Sannan akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa ɓangaren madafa da na barga, domin barori su yi kai-da-kawonsu ba tare da sun gifta ta gaban tagogin masu gida ba. Wannan abu biyu ya fi duk wani zanen bango faɗa mini gaskiyar gidan. Mutanen da suka kashe kuɗi aka haƙa rami don kada su ga fuskar mai kawo musu ruwa, yaya za su ga manomin da ke can bayan fadama yana rayuwa a kan rubu'in eka? Shi ya sa nake ba da shawara a fara shiga gidan kafin gidan tarihin. Idan ka tsaya a ƙarƙashin barandar nan ka ɗaga kai, abin da za ka karanta daga baya zai fi shiga.

Gidan tarihin yunwa yana ɓangaren barga. Shugabar ƙasa Mary Robinson ce ta buɗe shi a 1994, aka sake masa fasali aka buɗe a 2022. A nan babu jagora, kai ne da ƙafarka da idonka, don haka a ba shi lokaci. Bayanin ya fara da yadda aka shirya zaman ƙasar kafin yunwa: mai gandu a sama, 'yan tsakiya da ke karɓar fili su sake bayar da shi haya a ƙasa da shi, sannan tarin talakawa da ke noma hatsi da kiwon alade don biyan haya, su kuma abincinsu dankalin turawa ne safe da rana da dare. Eka guda ta dankali tana iya riƙe iyali, shi ya sa aka yi ta tsattsaga filaye har suka zama ƙanana. Da cutar da ke ruɓar da dankali ta shigo a 1845, ta sake dawowa da ƙarfi a 1846, sai tsarin gaba ɗaya ya rufta. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum fiye da miliyan 8 a tsibirin. Cikin 'yan shekaru kusan miliyan guda suka mutu, fiye da miliyan guda suka yi hijira, alhali jiragen ruwa ba su daina fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar ba.

Waɗannan alƙaluma kowa zai iya samunsu a littafi. Abin da ba za ka samu a ko'ina ba shi ne yadda abin ya gudana a gandu guda, da sunaye. Manjo Denis Mahon ya gaji gandun a 1845, daidai shekarar da cutar ta ɓulla. Wanda ya gada, Baron Hartland na uku, ya daɗe da taɓin hankali, gandun ya yi shekaru a hannun kotu babu mai kula, bashi ya taru, hayar da ba a biya ba ta taru. Mutum wajen 12,000 ne ke zaune a kan ƙasar. Dokar lokacin kuma ta ɗora wa mai gandu biyan harajin ciyar da gajiyayyu a madadin duk ɗan hayar da darajar filinsa ba ta wuce fam 4 ba. Ma'ana, duk talakan da ya rage a kan ƙasarka, ba ya biyan haya kuma kai ne za ka biya kuɗin riƙe shi a gidan gajiyayyu. Wakilin gandun, John Ross Mahon, ya zauna ya buga lissafi ya nuna wa ubangidansa cewa kuɗin tura mutanen Kanada sau ɗaya ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ciyar da su shekara guda. Wallahi karanta wannan lissafin ya fi tayar mini da hankali fiye da hotunan masu rama. Babu zagi a cikinsa, babu ƙiyayya, lambobi ne kawai a jere.

A watan Mayu na 1847 mutum 1,490 suka bar Strokestown a ƙafa, maza da mata da yara, suka bi gefen magudanar ruwa ta Royal Canal har Dublin, tafiyar kilomita 165. Daga can aka haye da su Liverpool, aka zuba su a jirage huɗu zuwa Kwebek da ke Kanada: Virginius, Naomi, John Munn da Erin's Queen. Zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, ya kama su a cikin cunkoson ƙasan jirgi. Virginius ya tashi da fasinja 476, fiye da rabinsu suka mutu, wasu a teku wasu a tsibirin Grosse Île inda ake killace masu shigowa. Ɗaruruwa daga cikin 1,490 ɗin ba su taɓa taka ƙasar da aka ce za su samu sabuwar rayuwa a cikinta ba, yara da yawa kuma suka sauka marayu, iyalan Faransawan Kwebek suka ɗauke su. Akwai jerin sunayen mutanen nan a wurin. Na tsaya na bi su layi layi, gida guda mutum bakwai, gida guda mutum tara, da shekarun yaran.

Labari ya dawo gida. Ranar 2 ga Nuwamba 1847, Denis Mahon yana dawowa daga taro a garin Roscommon da yamma, aka harbe shi a kan keken dokinsa ya mutu nan take. Kisan ya girgiza Landan, aka yi ta muhawara a majalisa, aka zargi limamin cocin Katolika na garin, Michael McDermott, da tunzura jama'a daga kan mumbari, zargin da ya musanta. Daga baya an rataye mutum biyu saboda kisan. Korar mutane kuma ba ta tsaya ba, ƙaruwa ta yi. A 1848 bishop ɗin Katolika na yankin, wato na Elphin, George Browne, ya wallafa sunayen waɗanda aka kora daga gandun a jarida, mutum 3,006.

Na yaba da yadda aka gabatar da Denis Mahon. Ba a mai da shi shaiɗan ba, ba a kuma wanke shi ba. An nuna bashin da ya gada da dokar da ta matse shi, an nuna wasiƙunsa, aka bar mai kallo ya yi hukunci. Nawa hukuncin shi ne matsin da yake ciki gaskiya ne, amma matsin mai gudun asarar gandu daban yake da na mai binne 'ya'yansa, kuma shi ne ya sa hannu. Sai dai laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Gwamnatin da ta ce dukiyar Ailan ce za ta riƙe talakan Ailan, sannan a 1847 ta kafa sharaɗin cewa duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka ba zai samu tallafi ba sai ya saki filinsa, ita ce ta shimfiɗa hanyar korar. Wani abin da na tuna ina tsaye a wurin: a wannan shekarar Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aiko da fam 1,000, ƙabilar Choctaw ta Amurka ma, waɗanda ba su daɗe da shan nasu korar ba, suka tara abin da ya sawwaƙa suka aiko.

'Yar Denis Mahon, Grace, ta auri Henry Sandford Pakenham a shekarar da aka kashe mahaifinta, daga nan sunan gidan ya koma Pakenham Mahon. Dokokin filaye na ƙarshen ƙarni na 19 da na 1903 suka ba manoma damar sayen gonakin da suke haya, gandun ya yi ta raguwa. Ta ƙarshe a gidan ita ce Olive Pakenham Mahon, wadda mijinta na farko ya mutu a yaƙin duniya a 1914. A 1979 ta sayar da gidan ga Jim Callery, ɗan garin, mai garejin Westward da ke dillancin manyan motoci. Fili yake nema don faɗaɗa sana'arsa. Yana duba tarin takardun gidan sai ya ci karo da takardar koken da mutanen Cloonahee suka rubuta a 1846, suna cewa dankalinsu ya ruɓe, ba su da hatsi, kuma ba za su iya ƙara jure kukan 'ya'yansu na neman abinci ba. Cloonahee ƙauyensu Callery ne. Maimakon ya yi gwanjon kayan gidan, ya riƙe komai, ya kashe kuɗin kamfaninsa wajen gyara. Allah Ya saka wa mai irin wannan zuciya, domin da wani ne da tuni takardun sun watse. Tun 2015 ƙungiyar Irish Heritage Trust ce ke tafiyar da wurin.

Lambun kuwa wajen eka shida ne, da dogon layin furanni da ɗakunan gilashi na rainon itatuwan marmari. Yana da kyau, amma bayan fitowa daga gidan tarihin ban iya ba shi hankalin da ya kamata ba. Mai son furanni ya zo da bazararsu, tsakanin Yuni da Agusta, kuma ya fara da shi tun da safe. Akwai wurin shan shayi da cin abinci a harabar.

A duba lokutan zagayen gidan a intanet kafin a taso, domin sa'o'i ne ƙayyadaddu kuma suna canzawa da hunturu. A riƙe rigar ruwa komai kyan garin, yammacin Ailan ba a yi masa alkawari. Yaran da suka kai shekarun sakandare za su amfana ƙwarai, ƙanana kuwa gidan da lambun za su fi jin daɗi. Mai ƙarfin ƙafa kuma, hanyar da mutum 1,490 ɗin suka bi an mai da ita hanyar tattaki mai suna National Famine Way, daga ƙofar gidan har bakin kogin Liffey a Dublin, an kafa takalman yara na tagulla a matsayin alama a wurare daban-daban, kuma ba dole sai an yi ta gaba ɗaya ba, ana iya ɗaukar zango guda a yini.