Shekara biyu da rabi ina jan motar gas a Legas

Yayana direban tirela ne. Ya haura shekara ashirin yana ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Kano, kuma a wurinsa duk injin da ba na gas ba abin wasan yara ne. Da na je masa da maganar sayen motar gida a ƙarshen 2021, ko rufe baki bai bari na yi ba. "Kai dai nemi mai gas. Ba ruwanka da filogi, ba shan mai, sai ka gaji da ita don kanka." Na ce, "To, Yaya." Gas ɗin da muke nufi dizal ne, ba iskar nan ta CNG da ake ta juya wa motoci yanzu ba.

Haka na je kasuwar motoci ta Berger na ɗauko tokunbo 'yar Turai, kujera bakwai, injin lita 2 mai turbo, giyar hannu. Mu bakwai ne daidai a gidan: ni, uwargida, yara huɗu da ƙanwarta da ke karatu a wurinmu. A Agege muke zaune, ni kuma harkar albasa nake yi a Mile 12.

Ba zan ci haƙƙin motar nan ba. A doguwar hanya ban taɓa jan irinta ba. Sallar farko da muka tafi gida Funtuwa, but cike, har saman mota an ɗaure kaya, na cika tanki a Agege, muka wuce Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba, sai ga mu a Mokwa allurar mai tana wajen rabi. Wurin wuce tireloli kuwa ba sai ka yi ta sauke giya kana addu'a ba, da ka ɗan taka sai ka ji ta tura ka gaba kamar babu kowa a ciki. Injin gas ba ya jiran tartsatsin filogi, iska yake matsewa har ta yi zafi, man ya kama da kansa. Shi ya sa yake da ƙarfin ja, kuma tafiyar da mai fetur za ta sha lita huɗu, shi kusan uku ta ishe shi.

Na kuma yi dariya a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur aka janye shi daga kasuwa, layi ya miƙe a gidajen mai har kan titi. Mutane na kwana a layi, ni kuwa sai in zagaya ta inda manyan motoci da masu jarkar janareta ke sha, minti biyar na fito. Dariyar ba ta yi wata guda ba. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, gas ya tashi, kafin tsakiyar shekara lita ta haura naira 700, fetur kuwa yana nan wajen 165 saboda tallafi.

A nan ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in ba da kuɗina. In mota tana rage maka kashi ɗaya cikin huɗu na mai, to ribar tana nan ne kawai muddin kuɗin gas bai ɗara na fetur da fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Ranar da na saye ta ma gas ya riga ya wuce haka nesa, don gwamnati ta daɗe da sakin farashinsa tana riƙe da na fetur. A ƙasashen Turai da yawa gas ne aka sassauta wa haraji, shi ya sa ƙananan motocinsu masu gas suka yawaita. Mun ɗauko motarsu, ba mu ɗauko farashinsu ba. Gaskiya bayan 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, fetur ya yi tsalle daga ƙasa da 200 zuwa kusan 500 a Legas, ya ci gaba da hawa, tazarar ta ragu ƙwarai. Wanda ya saya bayan nan, maganar kuɗin mai ba ta kai munin tawa ba.

Amma ba kuɗin mai ne ya raba ni da ita ba. Cunkoso ne.

Motocin gas na Turai na wajen 2010 zuwa sama suna da wata matata a jikin salansa, makanikai na ce mata DPF, tana tare baƙin hayaƙi. Ba ta wanke kanta sai mota ta samu gudu a miƙe na kamar minti ashirin ko talatin, salansa ya yi zafi sosai ya ƙone abin da ya taru. To ina zan samu wannan tsakanin Agege, Ikeja, Ojota da Ketu? Rayuwar motar duka giya ɗaya da biyu ce: a kai yara makaranta, a tsaya, a kai uwargida kasuwa, a tsaya, a yi awa guda ana rarrafe a bayan danfo. Sai fitila ta kama a dashbod, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, kana takawa tana nishi. Har ta kai ni ga fita da asubar Lahadi in hau hanyar Ibadan, in je Shagamu in dawo, ba don ina da kowa a can ba. Uwargida ta ce, "Alhaji, mota muka saya ko doki, da sai an fita da shi kilisa?" Ban sami amsa ba.

An ba ni shawarar a farke matatar a zubar, a gyara kwamfutar ta manta da ita. Da yawa haka suke yi. Na ga irin hayaƙin da waɗanda aka yi wa haka ke fesa wa masu talla a cunkoso, raina bai kwanta ba.

Sai kuma nozul, bakin da ke fesa mai cikin injin. Sau ɗaya na sha mai a wani ƙaramin gidan mai a hanya, ashe da ruwa a ciki. Injin tsohuwar tirela zai haɗiye wannan ya wuce, na zamani kuwa matsin da yake fesa mai da shi ba ya yafiya. Nozul biyu suka tafi. Kwana uku ana zagaye Ladipo kafin a samu na hannu masu kyau, a kasuwar da in ka ce kayan Camry ko Corolla yara biyar za su ruga su kawo maka. Makanikin gas ma akwai shi a Legas, amma yawancinsu na manyan motoci ne da janareta. Wanda ya san ƙaramar mota, yana da na'urar dubawa, sai an yi maka kwatance, kuma ya san shi kaɗai ne, don haka ba a ciniki. Ga fargabar gidan mai: yaran suna ganin ƙaramar mota sai su zaro bututun fetur. Sai da na sa aka rubuta a murfin tanki, duk da haka ban taɓa barin uwargida ta je shan mai ita kaɗai ba.

A tsakiyar 2024 na sayar da ita ga wani mai jigilar fasinja tsakanin Legas da Ilori. Shi kam ya dace, kullum tana kan hanya, kuma da muka haɗu daga baya ya ce fitilar ba ta ƙara kamawa ba. Ni kuma na koma Sienna mai fetur, silinda shida. Tana shan mai, ban ɓoye ba, zuwa Funtuwa sai na tsaya gidan mai fiye da sau ɗaya. Amma Funtuwa sau biyu nake zuwa a shekara, Mile 12 kuwa kullum. Makanikinta yana bayan layinmu, da ƙafa nake zuwa in kira shi.

Yaya har yanzu bai sauka daga bakarsa ba. Da ya zo ya ga sabuwar, ya zagaye ta, ya sa na buɗe bonet, ya leƙa, ya ce, "Ai ba laifin gas ba ne, kai ne ba ka da inda za ka."