GARGAƊI: Mai tallar lensin kyamara a Facebook ya cinye mini ₦207,000

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan'uwana masu sana'ar hoto na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Akwai wani mutum da ke tallar lensin kyamara tokumbo a Facebook, yana cewa shagonsa na Legas amma shi ɗan Jigawa ne. Ɓarawo ne. Ya karɓe mini ₦207,000. Dubu ɗari biyu da bakwai. Raina a ɓace yake, don haka wanda ya ga magana ta sarƙe ya yi haƙuri ya bi ta a hankali.

Kafin wani ya zo ya ce mini kwaɗayin araha ne ya ja ni, ya tsaya ya ji tukuna. Ba araha na bi ba. Da araha nake nema da tuni na sayi ƙaramin lensi mai sauƙin kuɗi na huta. Na daɗe ina lissafin nan, har littafi gare ni da na rubuta nauyin kowane lensi da kuɗinsa da irin hoton da yake fitarwa.

Kyamara Canon 600D gare ni, da lensin da ta zo da shi, 18-55. Duk mai wannan lensin ya san ciwonsa: kana jawo shi zuwa 55 sai ƙofar haskensa ta tsuke ta koma f/5.6. A filin ɗaurin aure da rana ba matsala. Amma shiga ɗakin amarya a ƙauyenmu ka gani. Taga ɗaya ce 'yar ƙarama, an rufe ta da labule, ga jere ya cika bango, ga mata sun tare ƙofa, wuta kuma babu. Ka kunna filasha, hodar fuskar amarya ta yi fari fat, inuwarta ta fito baƙa a bango. Ka kashe filasha ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, hoton ya cika da yashi-yashi, lallen hannunta ma ba ya fita. Dangin amarya ba ruwansu da wannan bayanin, cewa kawai za su yi mai hoton bai iya ba. Shi ya sa nake son lensi marar zum, mai tsawo ɗaya, wanda ƙafarka ce za ta matsa gaba ko ta ja baya. Irinsa ƙofarsa a buɗe take sosai. Mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da f/5.6 ke shigarwa, mai f/1.4 kuwa ninki goma sha shida. Wannan ba labarin shayi ba ne, lissafi ne.

Guda uku na sa a gaba, duk 50mm. Akwai Canon f/1.8 STM da ya fito a 2015, giram 160, shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma ba abin rainawa ba ne. Akwai Canon f/1.4 USM, tsohon ƙira tun 1993, giram 290. Sai Sigma f/1.4 Art na 2014, wanda ya fi su duka kaifin hoto, amma giram 815 ne, ya fi ita kanta kyamarar nauyi, don 600D da batirinta giram 570 ce. Shi raina ya fi so. Shi na fara tambayarsa ma.

To a nan ne ya kama ni. Nan wurin nake ta juyawa a raina har barci ya gagara.

Da na tambaye shi Sigma a WhatsApp, bai ce in turo kuɗi ba. Kira na ya yi ta bidiyo. Ya ce, "Yallaɓai, wace kyamara gare ka, kuma ina kake aiki?" Na faɗa masa. Sai ya ce, "Tsakani da Allah kada ka sayi Sigma. Kai da kake hawa babur cikin yashi daga wannan ƙauye zuwa wancan, ka wuni da kyamara a wuya tun ɗaurin aure har kamu? Wuyanka zai gaya maka. Kuma kuɗinsa ya yi maka yawa. Ɗauki f/1.4 na Canon, ya ishe ka." Jama'a, mutum yana da mai tsada a hannu ya ce kada ka saya, ka ɗauki mai sauƙi. Wane ɗan damfara ne ke hana ka kashe kuɗi? Ku gaya mini. Har tuna mini ya yi cewa sensar 600D, wato abin da ke kama hoton a cikin kyamarar, ƙarama ce, tana ninka tsawon lensi sau 1.6, wato 50mm zai zama kamar 80mm, zai matse ni a ƙaramin ɗaki, sai dai hoton fuska da kafaɗa. Ya ce in Allah ya hore mini nan gaba in ƙara da 24mm f/2.8 ɗin nan falale mai giram 125 don hoton taro a ɗaki. Duk abin da ya faɗa daidai ne da abin da ke cikin littafina. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Tsakani da Allah kada ka sayi Sigma." Haka ya ce. Da bakinsa.

Ya ɗauko lensin a bidiyon, ya cire murfi gaba da baya, ya haska fitilar wata waya ta cikinsa, gilashi garau. Ya juya gindinsa na ga ƙarfe yana sheƙi. Ya nuna mini 'yar tagar nan ta sama mai nuna nisa. Ya ɗora shi a kyamara na ji fokos yana kamawa shiru. Ya karanto mini lambar jikinsa na rubuta. Har shawara ya ba ni, wai in zan sa shi a jaka in riƙa mayar da fokos ƙarshe yadda bakinsa zai shige ciki, don wannan lensin ba ya son a buge shi ta gaba. Wannan ma gaskiya ce, masu shi sun sani. Yayana na zaune a gefena yana kallo, mutumin da ya shekara da shekaru yana cinikin dabbobi a kasuwa, ba a cutarsa da sauƙi. Da aka kashe waya cewa ya yi, "Wannan ya san aikinsa, kuma da alama mai tsoron Allah ne." Ba ni kaɗai na gani ba. Ina da shaida.

Muka daidaita a ₦185,000. Na tura ₦100,000 kafin alƙalami a wurin mai POS na bakin tasha. Dubu ɗari cif, rasit na nan.

Af, na tsallake wani abu. Tun kafin kiran bidiyon sai da na bi shafinsa na duba. Hotunan kaya birjik, mutane a ƙasa suna ta godiya, wannan ya ce nasa ya iso Kano lafiya, wancan ya ce Allah ya ƙara kasuwa. Yanzu ne na gane yawancinsu ko hoton fuska ba su da shi, kuma kusan kalma ɗaya suke maimaitawa. Amma a lokacin wa zai zauna yana tantance masu godiya ɗaya bayan ɗaya? Na ce masa ina da wanda zai je shagon ya duba a Legas, bai ko yi gargada ba, ya ce bismillah, sai dai yau yana wurin fitar da kaya, a bari jibi, amma akwai wani da ya taya lensin kuma ba zai iya riƙe shi ba sai da kafin alƙalami. Magana ce irin wadda kowane ɗan kasuwa ke yi.

Kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba. Riɗina na bana ne, na kai Maigatari ranar Alhamis na sayar. Na haɗa da kwasar adashina. Ragowar ₦30,000 uwargida ce ta ranta mini daga kuɗin awakinta, ta ce in na fara aiki da shi na biya ta. Har yau ban iya kallon idonta sosai ba. Ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo.

Ranar da abin ya iso direba ya kira ni daga tashar Gumel, na biya ₦7,000 kuɗin mota. A'a, kafin nan akwai cikon ₦85,000. Ya turo mini hoton kwali an naɗe shi da salatif an rubuta sunana, ya ce ga shi a hannun direba, in cika. Asusun da ya ba ni karo na biyu sunan mace ne, ya ce na mai ɗakinsa ne, nasa ya cika. Na san abin da za ku ce. To mu nan nawa ne ke karɓar kuɗi ta asusun ƙane ko na mata? Rabin majalisarmu haka suke yi. Na tura. ₦100,000 da ₦85,000 da ₦7,000.

A shago na buɗe, gaban Yaya da yaron da nake koya wa aiki da wasu abokai biyu, don na riga na cika gari da labarin lensina na zuwa. Kwalin na f/1.4 ne, ba shakka. Ina ɗaga abin da ke ciki gabana ya faɗi. Babu nauyi. Hannuna ya san abin da yake jira, giram 290, wannan kuwa fayau. Na juya gindinsa: baƙar roba. Babu ƙarfe. Babu tagar nisa. Na ɗauko murfin 18-55 ɗina, wanda bakinsa 58mm ne daidai da na f/1.4, na kara a bakinsa, murfin ya yi masa yawa ya zame ya faɗi ƙasa, don wannan bakinsa 52 ne. Sannan na karanta rubutun zoben gaba: 1:1.8 II. Tsohon ɗan roban nan ne na 1990, wanda STM ya maye gurbinsa tun 2015, wanda ko yana sabo shi ne mafi arha a layinsu. Yaron ya ruga da shi wurin mai kemis aka ɗora a ƙaramin sikeli, giram 130.

Da ma lafiyayye ne da sauƙi, don shi ma in yana da lafiya yana fitar da hoto. Na haska fitila ta cikinsa, funfuna ta yi reshe a gilashin ciki kamar saƙar gizo-gizo, tun daga gefe har tsakiya. Irin wannan in ta daɗe cinye fatar gilashin take yi, ko an buɗe an goge tabon na nan. Na ɗora a kyamara, fokos ya yi ƙara, ya je ya dawo, ya tsaya cak. Na juya da hannu na ɗauki Yaya a bakin ƙofa, hoton ya fito da hazo, idonsa ma ba a gani sosai. Ba wanda ya yi magana a shagon. Abokan nan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fita.

Na kira shi nan take, kuma ya ɗauka. Ku lura, ya ɗauka. Ya yi salati, ya ce, "Innalillahi, Yallaɓai, yarona ne ya haɗa kwalayen. Naka ya tafi Kaduna wurin wani, nasa ya zo maka. Wallahi amana ce, ba zan ci haƙƙinka ba." Ya ce a ba shi ₦15,000 a karɓo shi daga Kaduna a sa a mota zuwa Gumel, wannan kuma in riƙe har nawa ya iso. Ya rantse da Allah. Mutum ya riga ya riƙe maka ₦185,000, ya ɗauki wayarka, ya rantse, ya ce dubu goma sha biyar ce tsakaninka da kayanka. Wa zai ƙi? Ko kai ne turawa za ka yi. Na tura. Alat na shigar masa layi ya mutu. WhatsApp ya toshe ni, a Facebook ma haka. Na duba ta wayar yarona, shafin na nan, ya canza suna da hoto, yana ta tallar lensin nan dai, nawa, mai lambar da na rubuta a littafina.

₦100,000. ₦85,000. ₦7,000. ₦15,000. Ku haɗa da kanku: ₦207,000. Riɗin shekara guda da adashi da awakin baiwar Allah.

Wani a majalisa ya ce da ma STM ɗin na saya sabo a Kano na huta. Wannan magana ce ta bayan fage. Zaɓina daidai ne, kuma gobe in na samu kuɗi f/1.4 ɗin zan sake nema, don na san ɗakunan da nake shiga kuma na san abin da wuyana zai iya ɗauka. Ba lissafina ne ya ɓaci ba, ɓarawo ne ya zauna ya koyi maganar masu hoto ya zo ya same ni da ita. Lensi ɗaya mai kyau gare shi, da shi yake yi wa kowa bidiyo. Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba, ko sisi.

Na kai ƙorafi banki da rasit, sun karɓa sun ce in jira. Hirarmu duka tana nan ban goge ko harafi ba, da muryoyin da ya turo, har wadda ya rantse a ciki. Zan ɗora hotunan hirar da na lensin a kan sikeli da zarar na samu sabis mai ƙarfi, nan wurinmu sai an hau tudu. Rasit ɗaya yana wurin mai POS, gobe zan karɓo.

Ku dai kada ku biya kuɗin lensin da ba ku ɗora a kyamararku ba. Bidiyo ba shaida ba ce. Ku duba gindi, ku haska ciki, ku auna nauyi, sannan kuɗi.

Duk wanda mutumin nan ya taɓa yi wa haka ya yi mini magana ta saƙo mu haɗa takardunmu wuri ɗaya, na tabbata ba ni ne na farko ba. Kuma in akwai mai 50mm a kusa da Gumel da zai ba ni haya ranar Asabar, ya taimaka, ina da kamu da na riga na karɓi rabin kuɗinsa.