Hattara da masu tallar "jinin Frankel" a Kaduna

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne ga masu barga, da masu sha'awar sukuwa da folo, da duk wanda aka jefa shi cikin wani zauren WhatsApp na "kiwon dokin tsere" ba da saninsa ba.

Akwai wasu mutane da ke yawo a garin nan suna tallar hannun jari a dawaki. Abin da suke faɗa shi ne sun shigo da maniyyin Frankel, shahararren dokin nan na Ingila, a daskare cikin tulun sanyi, sun ɗura wa goɗiyoyi a wata gona da ke bayan gari ta hanyar Zariya. Wanda ya zuba naira 250,000 yana da kaso ɗaya a duƙushin da za a haifa, kuma tun kafin haihuwar wai za a riƙa ba shi kashi 15 cikin ɗari duk wata. Ga masu hannu da shuni kuma suna da wani ingarma bikili da suke nunawa, suna cewa jikan Frankel ne, na sayarwa ne kai tsaye. Damfara ce tsagwaronta. Kawuna na cikin waɗanda suka zuba kuɗi, da wasu dattawa biyu na unguwarmu, kuma har yau ba wanda ya ga uwar kuɗinsa.

Sun iya zaɓen suna, wannan kam ba musu. Frankel doki ne na gaske, kuma duk yabon da suke yi masa bai kai abin da ya yi ba. An haife shi a watan Fabrairun 2008 a gonar Juddmonte ta Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Ubansa Galileo, uwarsa Kind. Sir Henry Cecil ne ya horar da shi a garin Newmarket, Tom Queally kuma shi ya hau shi a duk tserensa. Sau 14 ya fita fili tsakanin 2010 da 2012, sau 14 ya zo na ɗaya, 10 daga ciki a tseren ajin farko. Duk wanda ya kalli tseren 2000 Guineas na 2011 ba zai manta ba. A tseren mil guda mahayi kan riƙe doki ne ya adana ƙarfinsa sai an doshi ƙarshe, amma shi tun daga buɗe ƙofa ya tsere wa sauran, kafin a kai rabi ya yi musu nisan da mai ɗaukar hoto ke fama ya haɗa su a allo ɗaya, ya kuma gama da tazarar tsayin doki shida. A Ascot a 2012 tazarar ta kai tsayin doki 11. Masu auna dawaki na Timeform suka ba shi maki 147, mafi yawa da suka taɓa ba dokin tseren fili, wato tseren da babu tsallake shinge. Cecil yana fama da ciwon daji a duk tsawon wannan lokaci, ya rasu a 2013, wata takwas bayan tseren dokin na ƙarshe. Ni dai ina jin zafin yadda aka ɗauki sunan irin wannan dabba ana yi wa tsofaffinmu romon baka da shi.

Bayan ya bar fili aka kai shi gonar Banstead Manor kusa da Newmarket don barbara. A 2013 kuɗin hawa goɗiya ɗaya fam 125,000 ne. A 2024 ya kai fam 350,000, wato ɗaruruwan miliyoyin naira, kuma ba kowace goɗiya ake karɓa ba ko da mai ita ya zo da kuɗin a hannu. 'Ya'yansa sun biya kuɗin sabulu: Cracksman ya ci Champion Stakes a 2017 da 2018, Adayar ya ci Derby ta Ingila a 2021, goɗiyar nan Alpinista ta ci babban tseren Arc na Faransa a 2022, shekara ta zagayo jikansa Ace Impact, ɗan Cracksman, shi ma ya cinye shi. Duk waɗannan sunaye suna cikin takardar tallar da 'yan damfarar ke rabawa, kuma a nan ba su yi ƙarya ba. Shi ya sa in ka bincika a intanet sai ka ga komai ya yi daidai, hankalinka ya kwanta.

Ƙaryar tana cikin tulun. Dawakin tsere na asali, waɗanda ake kira Thoroughbred, suna da littafin nasaba da kamfanin Weatherbys ke riƙe da shi a Ingila tun 1791, kuma dokar littafin ita ce ba a rubuta duƙushi sai in ingarman da kansa ya hau goɗiyar. Ɗurin maniyyi haramun ne a wannan jinsi, a Ingila da Ailan da Amurka da duk ƙasar da aka amince da littafinta. Duƙushin da aka samu ta ɗuri ba shi da suna a littafi, ba ya shiga tserensu, ba shi da farashin da ake kwaɗaita muku. Saboda haka masu Frankel ba su da dalilin tatsar maniyyinsa su sayar, hasali ma tsadar da yake yi ta dogara ne a kan cewa goɗiyoyin da zai iya hawa a shekara ƙidayayyu ne. Mai son jininsa shi ke loda goɗiyarsa a mota ko jirgi ya kai ta Newmarket.

Na fahimci dalilin da ya sa maganar ta shiga kunnen mutanenmu. Mun saba ganin ana yi wa shanun madara ɗuri, kuma masu folo sun san cewa a Ajantina ana ɗaukar ƙwan goɗiya a dasa a cikin wata. A can ya halatta. A dawakin tsere na asali bai halatta ba, kuma wannan ne abin da dillalin ba zai taɓa faɗa maka ba.

Na ga tulun da idona ranar da na raka Kawu gonar. Irin na ma'aikatan dabbobi ne da ake ajiye maniyyin bijimi, an manna masa hoton doki da tutar Ingila. Mutumin ya ɗaga murfi, hayaƙin sanyi ya taso, ya zaro wani siririn tsinke da hantsaki ya mayar da sauri yana cewa iska na lalata shi. Na ce ya bari in karanta rubutun da ke jikin tsinken. Sai ya juya wajen Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yaran yanzu ba su san sirrin sana'a ba." Kawu ya dube ni ya ce in bar mutane su yi aikinsu, na yi shiru.

Maganar ribar wata-wata kuwa, mai barga ya fi kowa sanin amsarta. Goɗiya wata 11 take yi da ciki. Duƙushi ba ya shiga tsere sai ya shekara biyu. A tsawon wannan lokaci dawa yake ci da dusa da harawa da kanwa, ga kuɗin magani, ga na yaron barga. Daga ina ribar kashi 15 za ta fito duk wata? Daga aljihun sabon shiga take fitowa. An biya Kawu wata biyu cif, ranar da aka ce, shi ya sa ya ƙara kaso, ya kuma jawo aminansa na masallaci, abin da ya fi damunsa yanzu ke nan fiye da kuɗin. Haka MMM ta yi a 2016, haka CBEX ta yi a 2025, illa dai wannan karon an ɗaura wa abin sirdi da linzami.

Sai ingarman da suke cewa jikan Frankel ne. A nan sai an yi adalci, domin ba abu ne da ba zai yiwu ba jikan Frankel ya iso Najeriya. Ba duk ɗan zakara ke zama zakara ba, kuma waɗanda ba su yi abin kirki a fili ba akan yi gwanjonsu a kasuwar Tattersalls ta Newmarket da sauƙin kuɗi, su watsu a duniya. Amma irin wannan doki ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da fasfo mai zanen jikinsa, inda aka nuna kowane fari da kowace makarkaɗar gashi. Yana da ƙwayar shaida da aka dasa masa a gefen hagu na wuya tun yana duƙushi, mai lambar da na'ura ke karantawa. An gwada jininsa ko gashinsa an tabbatar da uwa da uba kafin a rubuta shi. Sunansa na ɗauke da haruffan ƙasar haihuwa, GB ko IRE ko FR, kuma in ka rubuta sunan a shafin Racing Post za ka ga uwarsa, da tseren da ya yi, har da nawa aka saye shi a gwanjo. Ga kuma takardun shigowa da shi ƙasar nan, da shaidar hukumar NAQS mai duba dabbobi a bakin iyaka.

Abin da aka nuna mana takarda ce guda ɗaya da aka lulluɓe da leda, da hoton kambun sarauta a sama, babu lambar komai. Sunan uwar da aka rubuta ba ya ko'ina. Daga baya, da biyan ya tsaya, Kawu ya yarda muka koma da wani likitan dabbobi da ke duba dawakin folo. Ya bi wuyan dokin da na'ura hagu da dama, ba ta yi ƙara ba. Ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce, "Baba, takarda ta ce shekara uku, amma wannan ya haura tara." Ya ce doki ne lafiyayye irin waɗanda ake kawowa ta Chadi da Sudan, zai yi kyau a hawan Sallah, kuma da an sayar da shi da sunansa na gaskiya ba wanda zai ce an cuce shi. Sun zaɓe shi ne don bikili ne mai fari a goshi da ƙafafu, kamar Frankel.

Likitan ya ƙara wani abu da ya kamata duk mai mafarkin shigo da dokin Turai ya ji. Akwai annobar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke yaɗawa, ta fi tsanani da damina. Dawakinmu na gida sun ɗan saba da ita, amma baƙon doki da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya kashe miliyoyi ya kawo doki daga Ingila ba zai ɗaure shi a turke a fili ba gidan sauro ba katin allura, yadda muka tarar da wannan.

Za su nuna maka takardar rajistar CAC. Wannan shaida ce kawai cewa an yi rajistar suna, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ne. Izinin yana hannun hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta. Za su nuna maka hotunansu a filin Murtala a ranar wasa, suna tsaye kusa da dawakin mutane da manyan baƙi. Kowa na iya shiga filin nan ya ɗauki hoto, kuma masu dawakin ba su san da su ba. Asusun da suke ba da lambarsa ma na mutum ɗaya ne, ba na kamfani ba, kuma ya canza daga wata zuwa wata.

Wanda ya riga ya zuba kuɗi, kada kunya ta hana shi magana. Ka adana rasit da shaidar tura kuɗi, ka ɗauki hoton hirarku kafin su goge ta, ka je bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai wa EFCC, suna da ofishi a nan Kaduna. Ku haɗu ku je tare, ya fi tafiyar mutum ɗaya nauyi. Mu mun kai namu.

A makon nan sun turo sabon saƙo a zauren cewa wai kwastan sun riƙe tulu na biyu a Legas, kowane mai kaso ya kawo naira 40,000 a fanso shi, in ba haka ba kasonsa ya faɗi. Kada wanda ya tura ko sisi. An kuma shaida mini cewa sun buɗe wani zauren da sabon suna suna neman mutanen Zariya da Kano, don haka wanda ke da ɗan'uwa mai barga a can ya tura masa wannan.